Mariƙan Sandar Baba

Zuwa ga yayana Haruna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya a duk tekun da jirgin kayanku yake. Na san sai kun tsaya a wata tasha za ka kunna waya, shi ya sa na rubuta a nan shafina na sada zumunta inda kowa zai gani, ko wani abokin aikinka ya riga ka ya isar maka.

Yaya, Baba ya koma ruwa.

Ka san tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi, hannunsa na hagu ko kofin shayi ba ya riƙewa da kyau. Mun ɗauka ƙaramin kwalekwalen alminiyam ɗin nan ya huta ke nan. Sai rannan na je gidansa a unguwar Nuzla, nan Jidda, kai masa magani, na tarar ya baje sandunan fatsa a tsakar ɗaki yana shafa musu mai. Ya ce majrur zai fita, wato irin kamun kifin da kuke yi, injin na tafiya a hankali zaren na biye da ku a baya. Na ce wa zai riƙe sandar, tunda kai ba ka nan, hannun dama kuma na kan injin? Ya ce, "Ƙarfe zai riƙe. Yalla, kai ni shago."

Na kai shi. Mai shagon, wani dattijo Bayamane, ya jera mana mariƙan sanda iri-iri. Akwai wanda ake huda bakin jirgi a dasa shi dindindin. Akwai wanda gindinsa kaɗai ake ɗaurewa da noti, kan kuma a cire. Akwai mai baki kamar na kada, a matse shi a gefen jirgi, in an gama a kwance a tafi da shi. Ya gargaɗe mu cewa bakin alminiyam siriri ne, mai matsewar yakan juya in babban kifi ya fizga, sai an sa katako a ciki da roba a tsakani, don kada gishiri ya haɗa ƙarfen da jikin jirgin ya ci.

Ni na dage a kan mai matsewa. Baba ya ji daɗi, ya ɗauka jirginsa nake tausaya wa kada a huda shi. Ni kuwa lissafina daban ne: abin da ake cirewa, ana iya tafiya da shi. Muka sayi biyu, na zuba su a bayan motata, na wuce da su gidana a unguwar Safa. Juma'a ta zo na ce na manta. Wadda ta biyo na ce aiki ya riƙe ni.

Bai yi faɗa ba. Fita ya yi abinsa ba tare da su ba.

Da na je gaishe shi na ga ya ja hannun jallabiyarsa har kan yatsu. Na ɗaga. Yaya, fatar wuyan hannunsa ta saluɓe zagaye, ja wur. Ashe sandar ya ɗaure da igiya a hannun da ba ya aiki, kifi ya ja shi har ƙirjinsa ya bugi gefen jirgi. Yana ba ni labari yana dariya. Ni sai da na zauna a ƙasa.

Na dawo masa da kayansa, na ce amma ƙafata ƙafarsa. Ka dai san ni da ruwa. Kai ne kake tsokanata a bakin tekun Ubhur muna yara, in igiyar ruwa ta taɓa idon sawuna na ruga ina kuka.

Da safe muka fita. Ni na matse mariƙan biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, ya sa na karkata su waje don kada zaruruwan su harɗe. Robar na sa, katakon kuwa duk mun manta da shi. Gine-ginen Jidda suka yi ta ƙanƙancewa, ruwan ya tashi daga kore ya koma shuɗi mai duhu, ni ina ƙanƙame da benci ina karanta duk abin da ya zo bakina.

Sai na'urar zaren dama ta ɗauki ƙara. Sandar ta lanƙwashe, na ga mariƙin yana juyawa a hankali, yana kwantawa wajen ruwa. Baba ya saki injin ya miƙe. Jirgin ya karkace, ƙafarsa mai ciwo ta goce, rabin jikinsa ya fita waje. Ban san lokacin da na bar bencin ba. Na dai tsinci kaina rungume da ƙugunsa, fuskata a bayansa, ina ihun sunan Allah, jirgin yana zagaye da mu ba mai tuƙi. Mariƙin ya ɓalle ya tafi da sandar. Jar sandarka ce, Yaya, ka yi haƙuri.

Da ya samu ya kashe injin, muka koma kan benci, ruwa na bugun alminiyam. Can ya ce, "Ya binti, 'yata, da na faɗa, ba za ki iya ɗago ni ba." Na ce na sani.

Na zaci shi ke nan, ya haƙura. Muna isa mota ya ce mu biya ta shagon. Wannan karon bakina ban sa ba. Ya zaɓi mai gindin noti, ya yarda a huda jirgin a sa faranti mai kauri ta ƙasa, ya ƙara da igiyar da ake ɗaure sanda da benci, da wadda ake maƙalawa a jiki ta kashe injin in mutum ya faɗi. Rigar hana nutsewa biyu ni na ɗora a kai, bai hana ba.

Juma'a za mu sake fita. Ba zan ce ka bar aikinka ba, ɗan'uwana, na san abin da ya fitar da kai. Abu biyu kawai nake roƙo in ka samu waya: ka koya min yadda ake tayar da injin nan in ya mutu, kuma ka faɗa min ta wane gefe ake jawo mutum cikin jirgi ba tare da ya kife ba.

Ya Allah, tekun da Yaya yake kai da wanda Baba yake shiga duk naka ne. Ka tsare min su, ka dawo min da kowannensu da ƙafarsa, ni kuma ka ƙarfafa hannuwana. Amin.

Wassalam,
ƙanwarka mai jiran kiranka,
Ramlatu