Mangwaron Makarantar Sakajiki

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya jikin naka, ya iyali da yara? Mu nan Ƙaura lafiya, sai gajiya.

Ƙungiyarmu ta gyaran gari da ka bar mini kujerarka ta tsara shirin shekara goma na sama wa firamaren Sakajiki inuwa. Damina ta ƙare muna gardama, dogonyaro ko mangwaro. Sai bayan kaka munka dasa mangwaro, daidai lokacin sakin dabbobi, ba shinge. Shugabanmu Malam Bala ya ce, "Wa zai bar akuyarsa ta taɓa itacen makaranta?" Cikin kwana uku awaki sunka cinye shi tas.

An sake kiran taro a kan irin shingen da za a yi. Ka gaida kowa, ka taya mu addu'a kada wata daminar ma ta ƙare muna bisa benci.

Ƙanenka,
Lawali