Na Kayar da Ƙanin Mijina a Darasin Zanen Kwamfuta

Anti, don Allah ki taimake ni kafin bakina ya raba ni da dangin mijina. Raina a ɓace yake.

Ni malamar jami'a ce, ina koyar da tushen zanen kwamfuta: yadda ake amfani da lissafi a juya abu, a ƙara masa girma, a ba shi haske da inuwa. Bana sai ga autan su maigidana a ajina. Ba ya cika zuwa, in ma ya zo yana can baya yana latsa waya, yana gaya wa abokansa wai zamanin lissafi ya wuce.

A aikin ƙarshen zango na ce kowa ya rubuta wa kwamfuta umarnin da za ta zana ɗaki da kujera da fitila. Wasu kujerarsu ta fito a karkace, amma guminsu ne. Shi kuwa gogan ya kawo falo kamar na otal, har da labule. Na ce ya matsar da fitilar hagu mu ga inda inuwar za ta koma. Ya yi ta danne-danne, zufa na keto masa, ko gezau. Ashe hoto ne wata manhaja ta haɗa masa. Nan take na wanke shi tas a gaban aji, na ba shi sifili.

Yanzu surukata ba ta amsa gaisuwata. 'Yan'uwansa mata sun ce dama can ina da girman kai. Maigida kuma wai in ɗan ƙara masa maki, ai ba mutuwa zan yi ba. Wallahi wannan ta fi ƙona min rai! Da wane ido zan kalli sauran ɗaliban?

Malama Mai Fushi

Ƙanwata, sannu. Kada ki taɓa makin nan. Wanda bai yi aiki ba bai ci ba, ko ɗan wa ne, kuma maigidanki ya san haka, kunyar mahaifiyarsa ce ta matse shi.

Sai dai ke ma da naki. Tun ranar da kika gan shi a ajinki ya kamata ki roƙi shugaban sashe ya ba wani malami duba aikinsa. Sannan sifilin ya isa horo, tozarcin bai zama dole ba. Ina zaton shi ya fi yi wa Hajiya zafi.

Ki je ki durƙusa ki ba ta haƙuri kan kalamanki, ban da makin. Ki sa maigida ya zaunar da ƙaninsa ya ji gaskiya daga bakinsa. In yaron zai maimaita darasin, ki ce ƙofarki a buɗe take, ko da kujera mai karkace zai fara. In ya ƙi, kin fita haƙƙinsa.

Allah Ya huci zuciyarki, Ya daidaita tsakaninku.