Masu Ƙarasa Mini Magana

Litinin, 3 ga Maris
Yau ma ƙanena ya ƙarasa mini magana. Wata mata ta zo shago a yi mata kabad, na buɗe baki zan ce katakon da ta zaɓa bai bushe ba, harshe ya maƙale a "ba... ba...". Caraf ya ce wai Yaya yana nufin ba matsala. Na gyaɗa kai. Shekara arba'in ina gyaɗa kai ga maganar da ba tawa ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Wuni guda a bayan shago, ni da zarto. Shi dai ba ya tambayata komai.

Asabar, 8 ga Maris
Malamar su Auta ta aiko takarda, wai yarinyar ta daina amsa tambaya a aji. Shekararta bakwai, i'inata ta gada. Abin da zan bar wa 'yata ke nan? Maman yara ta ce za ta daina in ta girma. Haka aka yi ta faɗa wa tawa uwar. Na tsani kaina yau.

Talata, 11 ga Maris
Muna cin abinci Auta ta fara, "Ina s-s-so..." Uwarta ta ce ruwa ne, ta miƙa mata. Ta karɓa ta sha, kai a ƙasa. Ba ruwa take so ba, na gani a idonta. Ni da na fi kowa sani, ban ce uffan ba.

Laraba, 19 ga Maris
Matar kabad ta dawo, ƙofar ta lauye. Ta wanke mu tas a gaban mutane, ƙanena ya nuna ni wai ni ne kafintan. Gaskiyarsa. Na gwammace aikina ya lalace da a ji muryata. Auta na zaune kan benci, an taso makaranta. Ta ga ubanta yana kallon ƙasa.

Juma'a, 21 ga Maris
Na je makarantar ni kaɗai. Tun a gaisuwa harshe ya ƙulle, zufa har cikin takalmi. Malamar ta fara taya ni, sai na ɗaga hannu.
"Malama, b-bari in ƙa-ƙarasa."
Ta jira ni. Abin da wani zai faɗa a numfashi ɗaya ya ci mini kusan minti biyar: a riƙa jiran yarinyar, kada a cika mata magana. Ashe Auta na bakin ƙofa. Kunya kamar in nutse.

Lahadi, 23 ga Maris
Ba wani abu da ya canza, gobe ma bayan shago zan koma. Batun ƙofar kabad dai da bakina zan yi wa matar bayani, in ta gaji ta zauna.
Da safe Auta na ba da labarin wata kyanwa, ta maƙale, uwarta ta buɗe baki. Yarinyar ta ɗaga ɗan hannunta.
"Mama, b-ban gama ba."
Labarin ba wani daɗi gare shi ba. Har ƙarshe na saurara, shayina ya huce.