Katin Asibitin Masaƙa da Aka Karɓe Mini

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Ma'aikata ta masaƙar da na yi wa aiki a Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan'uwa ma'aikata.

Ranka ya daɗe, sunana Ya'u, mutumin Birnin Kudu. Ba ka san ni ba, don kana makaranta muka kafa ƙungiyar nan. Saƙa na gada wurin mahaifina. Da yadin kamfani ya cika kasuwa bayan samun 'yancin kai, sai na naɗe zarena na hau motar Kano, ni da abokina Sale na Gwaram.

Har yau ina kewar shekarun nan. Jiniya ta yi kuka da safe, kekuna su cika titi, mai ƙosan bakin ƙofa ta san kowa da sunansa. A gindin dalbejiyar da ke bayan masaƙar muka fara taro, Sale ne ke zagayawa yana kiran mutane.

Na farko, ba na musun abin da muka samu. Da sai rana ta faɗi ake tashi, muka mayar da aiki awa takwas. Muka samu fita sallar Juma'a, da hutun shekara da nake dawowa gida in yi girbin dawa. Aka rufe bakin injuna, yatsu suka daina guntulewa. Aka buɗe asibiti, aka ba mu kati.

Na biyu, yarjejeniyar da muka yi da masu kamfani ta tsaya ne kan masu takardar ɗaukar aiki. Sale lebura ne na wucin gadi, mai share ƙurar auduga a ɗakin kaɗi. Da aka raba ƙyallen rufe hanci ba a ba shi ba, balle kati. Ina cikin waɗanda suka ce masa ya yi haƙuri, zama na gaba na leburori ne. Ya yarda da ni. Tari ya riga zaman zuwa, a Gwaram muka binne shi.

Na uku, yanzu tarin ya zo kaina har na ajiye aiki. Watan jiya na je asibitin masaƙa, akawu ya karɓe katina, wai na masu aiki ne. Na gaya masa a nan gidan na kwaso ciwon, sai ya kira na bayana.

Roƙona shi ne, a zamanku na gaba da masu kamfani, a bar wa tsofaffin ma'aikata katinsu. Kafin wannan kuwa, a sa leburori cikin yarjejeniya. In ɗaya kawai za a samu, a fara da nasu. Ni na ci moriyar ƙungiya, su har yau haƙuri ake ba su, kuma da bakina aka fara.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon riƙe amana.

Wassalam.

Naka,
Ya'u, Birnin Kudu.