Na Huda Mazaunin Kawun Matata

Etek Ramaini, don girman Allah ki agaza min da shawara. Na shiga wani hali da duk wanda na ba labari sai ya riƙe ciki don dariya, ni kuwa ko abinci ya daina yi min daɗi. Kada ki buga sunana, sauran sunayen ma na canza su, domin a ƙauyenmu har wanda bai iya karatu ba ana karanta masa shafinki a teburin mai shayi.

Ni malamin lissafi ne a sakandare. Shekarata sha ɗaya da aure, kuma kamar kowane namiji a nan ƙasar Minang, a gidan dangin matata nake zaune. Tsohon gidan katako ne, dogo, ɗaki bakwai a jere, a ɗage kan ginshiƙai, kaji na harkarsu a ƙarƙashi. Na surukata ne, Amak, ta gada daga uwarta, wata rana kuma matata Nelvia za ta gada. Tunda na shigo ba a taɓa jin kaina da kowa ba, sai da intanet ta shigo tsakani.

Nelvia na sayar da yadin saƙa mai zaren zinariya, tana nuna wa masu saye kai tsaye ta bidiyo. To akwatin intanet ɗin a can ƙarshen gida aka kafa shi, sabis ɗinsa kuma rago ne, kafin ya kai ɗaki na uku ya gaji. Tana tsaka da ciniki sai hotonta ya daskare, baki a buɗe, masu saye su watse. Amak kuwa in za ta yi magana da autanta da ke can ƙetare a Johor sai ta leƙa ta taga, ta miƙa hannu da salula waje tana ihu. Wani abokin aikina ya ce maganin kawai shi ne a ja waya daga akwatin, ta bi ƙarƙashin daɓe, ta ɓullo a sassan gidan, a sa ƙananan akwatuna. Na kalli yadda ake yi a waya har sau uku, na ce wannan ai bai kai jarrabawar aji biyu ba.

Na tambayi Nelvia, ta ce da ma tun bara na yi. Na tambayi Amak, ta ce, “Sutan, in dai zan ga fuskar yaron nan ba ta tsattsage ba, ka huda har rufin.” Sutan shi ne laƙabin da aka ba ni ranar aure, da shi surukai ke kirana. Wanda ban tambaya ba shi ne Mak Adang, babban wan Amak, kawun matata. Kuma ba rashin sani ba ne, Etek, ba zan yi miki ƙarya ba. Na san gida na mata ne, amma ko ƙusa za a buga, kawu ake fara sanarwa. Sai dai a raina na ce ai wannan ba gini ba ne, ’yar waya ce da ba ta kai kaurin ɗan yatsa ba. Kuma gaskiya na ji tsoron in na tambaya ya ce a tara dangi, a dafa shinkafa, a yi ta jawabai har damina ta wuce.

Ran Asabar na sayo waya shuɗiya mita ɗari a garin Batusangkar, na aro injin huda, na shiga ƙarƙashin gida da rarrafe. Ba sai na gaya miki abin da kaji suka bar min a gwiwa ba. Rami takwas suka fito daidai inda nake so, a kusurwa, a bayan kabad, ko’ina tsaf. Na tara ne ya tona min asiri. Daga ƙasa nake ƙirga katakai, sha huɗu daga matakala, ina kan na sha ɗaya sai wata kaza mai kwanci ta tashi ta yi min fiffike a fuska. Na ci gaba da ƙirga daga inda nake zaton na tsaya. Malamin lissafi fa! Injin ya ɓullo ta katako, ya ɓullo ta tabarma, a gindin babban ginshiƙi, daidai wurin da Mak Adang ke zama tun kafin a haife ni.

Nan ne na ƙara wauta a kan wauta. Na gaji, bayana na ciwo, sai na ce tunda ramin ya riga ya samu, bari wayar ta bi ta nan kafin in gyara. Na kwantar da ita, na mayar da tabarma a kai.

Duk Juma’a in an sauko daga masallaci Mak Adang a gidan yake cin abincin rana. Ya zo, ya zauna, ya fara ci, ya gyara zama, ya sake gyarawa, sannan ya ɗaga tabarma. Ya daɗe yana kallon wayar. Ni ko kallona bai yi ba, kin san kawu ba ya yi wa suruki faɗa ido da ido. Sai ya juya ga kyanwar gidan da ke lasar ƙafa a gefe, ya ce, “Ke Balang, ashe kin koyi sassaƙa? Madalla. Shekara ɗari da ashirin gara ba ta iya da katakon nan ba, ke kin gama da shi a yini ɗaya. Ranar da za ki cire rufin, ki aiko a gaya min, in zo da lemata.” Ya wanke hannu, ya bar shinkafarsa rabi, ya sauka. Na ji kamar in bi ta ramin nan in koma wurin kaji.

Juma’a huɗu ke nan bai sake taka matakalar gidan ba. Amma fa bai daina zuwa ba! Yana zuwa tsakar gida, ya zauna a inuwar rumbun shinkafa, domin yanzu sabis na kaiwa har can. Ya karɓi lambar sirri a wurin Nelvia, yana ta kallon bidiyon tseren shanu a cikin laka a salularsa, yana gyaɗa kai. In mun haɗu a masallaci sai ya riƙe hannuna biyu-biyu ya ce, “A’a, Sutan injiniya, ya aiki?” Wallahi da ya zage ni ya fi min sauƙi.

Da farko har ni ma abin ya ɗan ba ni dariya. Amma Amak har yanzu duk Juma’a sai ta dafa masa miyar kan kifi da yake so, ta ajiye kwanonsa a gindin ginshiƙi, in la’asar ta yi ta ɗauke. Wancan makon na ga tana goge ido da bakin mayafi, wai barkono ne. Ita da Mak Adang kaɗai suka rage a ɗakinsu. Ga shi saura mako uku ’yarmu ta yi saukar Alƙur’ani, kuma shi ne zai tarbi baƙi, ya yi jawabi da sunan gida. In bai hau ba, duk ƙauye zai san dalili. Jiya yarinyar ta ce min, “Baba, Kaka zai shigo ranar saukata ne, ko a rumbu za a kai masa abinci?”

Na aika Nelvia da sabon zane da garin kofi. Ya karɓa, ya sa albarka, ya koma kallon shanunsa. A teburin mai shayi wani ya ce in tuge wayar gaba ɗaya, wani ya ce in share tsohon, ai gidan ba nasa ba ne. In na tuge, cinikin Nelvia da ya fara kyau zai koma gidan jiya. Ga sauran mita talatin a nannaɗe, ban ma kai wa Amak nata ba a madafa, inda take yini. Etek, in cire ne, in bari ne, ko in tattara in koma gidan uwata?

Naki, Suruki Mai Rami Tara, daga Tanah Datar.

AMSAR ETEK RAMAINI

Ɗana Mai Rami Tara, na yi dariya, ba zan ɓoye maka ba, musamman wurin kazar nan. Amma da na zo kan kwanon Amak dariyar ta tsaya. Zauna mu yi magana.

Ba ka yi laifi ba da ka so gyara. Matarka na neman halali, surukarka na son ganin ɗanta, kai kuma ka shiga cikin kashin kaji dominsu. Maza da yawa a gidan surukai ko kwan fitila ba sa canzawa. Mai gidan ta ba ka izini, wannan ma gaskiya ne. Shi ma Mak Adang bai kyauta ba da ya bar ƙanwarsa tana ɗaukar hukuncin abin da ba ita ta yi ba. Da shi ya rubuto min, da na gaya masa haka.

Amma kai ka rubuto, kuma da bakinka ka ce ka san al’ada, ka kauce mata ne don kada a ɓata maka lokaci. Kaza ta sa ka kuskure rami, amma ba ita ta sa ka rufe shi da tabarma ba. Saboda haka kada ka tuge wayar. Mutumin da ke zaune yana shan sabis ɗinta ba da ita yake faɗa ba. In ka cire, ka yi asara biyu: ciniki ya tafi, kawu bai dawo ba. Maganar komawa gidan uwarka kuwa, ka bar ta, ba ta ma taso ba.

Ga abin da za ka yi, kuma cikin makon nan. Ka daina aiken matarka, ba ita ta riƙe injin ba. Ka je wurin naka kawun, ka gaya masa komai, ka jure dariyarsa, ka roƙe shi ya raka ka. Ku ɗauki tiren ganyen sirih da muke taunawa kamar goro, yadda ake yi in za a nemi magana da babba, ku sami Mak Adang a inda yake kwana, ba a gindin rumbu ba inda maƙwabta ke leƙe. Manya za su yi zagaye-zagayensu, ka bar su. In an zo kanka, kalma kaɗan ta isa: na san ya kamata in tambaya, ban tambaya ba, a yafe min. Kada ka kawo zancen kaza, kada ka kawo zancen izinin Amak.

In ya sauko, sai ka roƙe shi abu biyu. Na farko, ya zaɓi itacen da za a toshe ramin mazauninsa da shi, ka janye wayar daga nan a gabansa. Na biyu, ka ce masa ga sauran mita talatin za a kai madafa, ba ka san ta inda ya dace ta bi ba. Kuma kada ka ɗauka wayo ne kawai. Shi ya san katakon da aka canza bayan girgizar ƙasa, ya san ginshiƙin da ba a taɓawa da ƙarfe, ya san inda ruwa ke taruwa da damina. Don ya nuna maka, dole ya taka matakala. In ya ce a tara dangi a dafa shinkafa, a dafa. Ka riga ka ga abin da gaggawa ta jawo maka.

Tunda za ka koma ƙarƙashin gidan, na tambayi wani mai wannan sana’a, ga saƙonsa. Ka zura wayar cikin bututun roba, in ba haka ba ɓeraye za su yi buki da ita. Kada ka haɗa ta hanya ɗaya da wayar lantarki, kada ka lanƙwasa ta da ƙarfi a kwana. Ka toshe gefen kowane rami don tururuwa da gara. Sannan, malam, ka fara hudawa daga sama da siririn ƙarfe, ka sauka ka duba, kafin ka faɗaɗa.

Abu na ƙarshe. Kana ganin kanka baƙo a gidan nan, kana ganinsa mai iko. Ka sake dubawa. Shi ma a gidan matarsa baƙo ne kamarka. A gidan da aka haife shi kuwa ba shi da ɗaki, ba shi da gado, tun yana yaro ya bar wa ’yan’uwansa mata. Abin da ya rage masa a can biyu ne kacal: wurin zama a gindin ginshiƙi, da kuma a tambaye shi. A yini ɗaya ka huda ɗaya, ka tsallake ɗaya. Kai ma in kana da ’yar’uwa, kawu ne a wani gida, kuma ’ya’yanta za su yi aure. Wata rana wani saurayi mai kyakkyawar niyya zai shigo gidan uwarka da injinsa a hannu. Yadda kake so ya zo maka, haka za ka je wa Mak Adang.

Allah ya daidaita ku, ya sanya albarka a karatun yarinya, ya sa ranar saukarta gidan ya cika har a rasa wurin zama.

Taku, Etek Ramaini.