Ruwan Randa a Tayar Hammadu

Zurmi, Litinin

Zuwa ga Yaya Jatau,

Assalamu alaikum. Ina gaida kai da Rekiya da yara, ya aikin gareji? Mu nan da sauƙi. Yau kwana arba'in da uku da rasuwar maigidana Hammadu, mutane sun fara raguwa a gidan.

Na rubuto ne don maganar nan ba ta waya ba ce, ko ina na juya akwai kunne a ɗakin.

Ƙanen Hammadu, Kamalu, yana son ya ɗauki mashin ɗin marigayin ya ci gaba da kai albasa Shinkafi, mu samu na cefane. An miƙe fitila da madubi, komai na tashi. Amma jiya ya zaga da shi, ya dawo ya ce da ya kama birkin gaba sai kan mashin ya ɗauki karkarwa har cikin kafaɗunsa. Yaya, haka Hammadu ya yi ta faɗi kafin ya faɗi a hanyar Dauran.

Wani da ya zo gaisuwa yana tsaye a zaure ya ce wai idan aka zuba ruwan sanyi a taya tana da zafi, kwanon da birki ke kamawa yakan lanƙwashe. Ina daga ciki na ji. Ka san halina. Shekara huɗu, da ya shigo da la'asar, kafin ya cire takalmi na ɗebo ruwan randa na wanke mashin ɗin, ƙarfen har cuu yake yi. Yana dariya yana cewa na fi son mashin da shi.

Tun jiya ban iya haɗiye tuwo ba. Kai ne bakanike, kuma kai ne yayana. Zan sa a ɗora mashin ɗin a motar Jaji direba ranar Laraba. Ka duba ka gaya mini gaskiya, ko da ni ce. Kuma ba zan bar Kamalu ya hau shi a haka ba.

Ka gaida Inna idan ka leƙa.

Ƙanwarka,
Tabawa

*

Kaura Namoda, Alhamis

Tabawa,

Wa'alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Hammadu, Ya ƙara mana haƙuri. Mashin ya iso. Zan duba. Ki daina sauraron maganar zaure, ki ci abinci. Rekiya ta aiko miki da daddawa.

Yayanki,
Jatau

*

Zurmi, Asabar

Yaya Jatau,

Sallama da gaisuwa. Daddawa ta iso, a yi wa Rekiya godiya.

Mako uku ke nan. Jaji ya ce kullum ya wuce yana ganin mashin ɗin a bayan gareji an lulluɓe shi da buhu. Kai da kake gano ciwon mashin daga jin kukansa? Na san shirunka tun muna yara. Ranar da akuyata ta mutu ma haka ka yi ta kewaye-kewaye har Inna ta faɗa mini.

Idan ruwan ne, ka ce ruwan ne. Zan roƙi Allah gafara, in roƙi uwar Hammadu. Zaman rashin sani ya fi mini ciwo. Firdausi ta tambaye ni me ya sa na daina taɓa randar tsakar gida, na rasa abin da zan ce wa ɗiya 'yar shekara shida.

Na gaida kowa.

Tabawa

*

Kaura Namoda, Talata

Ƙanwata Tabawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan ke da Firdausi kuna lafiya.

Na duba shi tun ranar da ya iso. Rubutawar ce ta gagare ni.

Ga abin da na yi, don ki san ba lallashi ba ne. Na ɗaga gaban mashin a kan kututture, na juya taya ina riƙe da alli a gefenta. Da ta karkace, allin zai taɓa wani wuri ya tsallake wani. Layin ya zagayo daidai. Na cire tayar na shafa alli cikin kwanon birki, na mayar, na juya ina ɗan kama birki. Allin ya goge ko'ina bai ɗaya. Kwanon lafiya lau yake, Tabawa. Ruwan sanyi kan ƙarfe mai zafi ba shi da kyau, wannan gaskiya ne, amma naki bai yi wa wannan komai ba.

Sai na sauke shi ƙasa, na kama birkin gaba ina tura shi gaba da baya. Na ji ƙwas-ƙwas a wuya, inda kan mashin ke juyawa. Na kwance. Boris ɗin wuyan, wato zoben ƙwallayen ƙarfe da kan ke juyawa a kai, ya ci, ƙwallayensa biyu sun farfashe, mazauninsu ya yi rami-rami saboda nauyin buhuna da gargadar hanya. Duk sanda aka kama birki, gaban gaba ɗaya sai ya yi ta rawa. Na sa sabo, na sa giris, na ɗaure daidai. Na hau shi har Kasuwar Daji na dawo, ina kama birki a kwalta da cikin yashi. Tsit.

Yanzu abin da ban faɗa ba. Kwana biyar kafin ya faɗi, Hammadu ya kawo mini mashin ɗin nan. Ya ce, "Yaya, gabana na rawa." Ranar gareji cike yake. Ban ɗaga shi ba, ban tura shi ba. Na matsa birkin da hannu sau biyu, na ce takalmin birki ne, na canza masa. Ya ce ko in ɗan zaga da shi in ji? Na ce, "Kai dai je ka, surukin banza, kana tare mini hanya." Ya tafi yana dariya.

Gwajin da na yi yanzu bai kai minti biyar ba.

An ce tunkiya ce ta gitta masa, kuma akwai yashi a wurin. Ko da wuyan na da kyau zai tsaya? Ban sani ba. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma na san abin da hannuna bai yi ba. Shi ya sa ranar sadakar uku na zauna can bakin katanga, ban shigo na gaishe ki ba. Kuma na bar ki mako uku kina ɗauke da kayana. Wannan ma ki haɗa da shi.

Ban san da wane baki zan ce ki yafe mini ba.

Jatau

*

Zurmi, Juma'a

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Na yi kwana tara ina fushi da kai. Ba zan ɓoye ba.

Ranar da Hammadu ya dawo daga wurinka ya ce mini, "Yayanki ya rame, ko ruwa bai sha ba tun safe don mutane." Bai ce komai ba sai wannan. Jiya na tuna, sai fushin ya ƙi zama.

Na yafe. Sauran tsakaninka da Allah ne, ni ma ina taya ka roƙo.

Kada ka ɗora mashin ɗin a motar Jaji. Kai za ka hau shi ka kawo, ka nuna wa Kamalu yadda ake jin wuyan nan da hannu, sannan ka shigo ciki ka gaishe ni yadda ya kamata. Na cika randa. Zan bari mashin ɗin ya huce tukuna kafin in wanke shi.

Ƙanwarka,
Tabawa