Farantai Shida na Dokta Remigiusz

Litinin, 4 ga Maris
Shekara ashirin da takwas ina kiwon ƙwayoyin halitta a ɗakin binciken nan na Łódź, a ƙasar Poland, ko faranti ɗaya na ƙwayoyin bai taɓa mutuwa a hannuna ba. Yau Dokta Remigiusz ya kawo min shida, na jijiyar huhun wata mara lafiya, wai so yake su mutu. Ya ce, "Pani Wiesia," wato ni, Malama Wiesia, "waɗannan ba sa jin bari. Wani sinadari a cikinsu ke zuga su su yi ta hayayyafa har su toshe jijiya. Maganin da na zuba zai rufe masa baki." Na ce to. A raina na ce mugu.

Asabar, 9 ga Maris
Na leƙo don in ba furen ofis ruwa. Na duba ƙwayoyin a madubin ƙara girma, duk sun yamutse, abin tausayi. Na zubar da ruwan maganin da suke ciki, na sa musu sabo. Hannu ne ya saba.

Litinin, 11 ga Maris
Sun yi ɓul-ɓul. Dokta ya kasa cin abincin rana.

Asabar, 16 ga Maris
Na sake. Ɗan kaɗan.

Talata, 19 ga Maris
Ya ninka maganin. Ya zargi akwatin ɗumi, ya zargi kwalabe, har da Bożena mai shara. Ta ce, "Panie doktorze," wato Malam Dokta, "ni ƙasa nake gogewa, kimiyyarka ba ta dame ni ba." Ni kuwa kek ɗin cuku ya kawo min, wai ni kaɗai ce abin dogaro a ginin nan. Kunya ta kama ni, da ƙyar na ci yanka biyu.

Alhamis, 21 ga Maris
Ya ce ran Litinin zai gaya wa Farfesa, shugaban sashenmu, maganin ba ya aiki, a rufe aikin shekara uku. Yana tattara takardu ya ce matar da aka ciro ƙwayoyin daga huhunta, kafin a yi mata dashen huhu, sai ta huta sau uku take hawa bene ɗaya. Yanzu ƙanwarta ma ta fara ciwon. Ban san tana da ƙanwa ba. Ni farantai na sani.

Juma'a, 22 ga Maris
Na faɗa masa ni nake canza musu ruwa. Ya zauna daɓas. Can ya ce, "Pani Wiesia, sau biyu kika wanke min magani?" Na ce uku, akwai wata Laraba. Ya sake zuba maganin, ya karɓe makullina har Litinin.

Litinin, 25 ga Maris
Huɗu sun mutu. Ya rungume Bożena da tsintsiyarta. Aikin ya tsira.

Saura biyu masu taurin kai. Na ce ya kawo maganin in zuba musu da kaina, don dai hannuna ya fi nasa sabawa, ba don komai ba. Na zuba, ban rage ko ɗigo ba. Na dai ɗan ɗumama musu shi tukuna.